Konser ɗin Gado a Bisa Amalanke

Yaya Halidu, yau wata bakwai ke nan da munka kai ka makwancinka. Da kana nan, kai ne za ka ba da wanga labari, don ka hi ni iya kwaikwayon tahiyar Gado. Tunda ba ka nan, bari ni in ba ka. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san inda na tsaya a lakwal.

Ka tuna yadda ka bar fadarmu, ƙarƙashin rumfar butik ɗin Gado, bakin gudron, babban titin Madawa. Bencin nan mai gajeruwar ƙafa ɗaya, ba wanda ya sake zama a gefenka, sai dai a aje butar shayi a wurin. Mu huɗu munka rage masu sauraren jaz a unguwar: Mushe Dauda tsohon malamin lakwal, da Mati tela, da Gado mai butik, da ni da na gaji kunne daga gare ka. Kai ka kawo muna wanga kiɗa daga fanfar, ƙungiyar ƴan busar soja, kai da saksofon ɗinka. Ina ganinka har yanzu, ka zauna, ka jiƙa ɗan karan nan siriri da bakinka, ka ɗaura shi a bakin ƙahon, ka lumshe ido, sannan muryar ta hito kamar ruwa a ƙorama bayan an ɗauke sama.

Sauran mutanen unguwa dai ba su yafe maka ba. Tabawa mai ƙosai, wadda ke suya gefen rumfar, duk ranar da munka sa karti na kiɗan a radiyo sai ta tanka.

"Mushe, don Allah wanga kiɗan naku yaushe za a fara shi?"

"Ai ya yi minti goma da farawa, Tabawa."

"Na aza gyaran kayan suke yi. Kowa na nashi, kamar awaki a bayan kamiyo."

"Hira suke yi," in ji Mushe Dauda. "Mai piyano ya faɗi tashi, mai busa ya amsa mashi."

"To su yi ta da baki mana, kamar mutane."

Mati ya ce shi mai gangar kawai yake saurare, don da shi da kekenshi na ɗinki ƙafarsu ɗaya. Mushe ya ce shi ya sa wandon da Mati ya ɗinka mashi ƙafa ɗaya ta riga ɗaya isa ƙasa. Haka muke, Yaya, kamar da.

Bayan ƙaramar salla wani yaro ɗan garin Buza, Anas, ya dawo daga Aljeriya ya buɗe butik a tsallaken gudron, ƙofa na kallon ƙofa. Ya sa pano na wutar rana bisa rufi, ya aje furigo biyu na sanyaya ruwa, da bafal na kiɗa mai tsawon ɗan shekara bakwai. Duk abin da Gado ke saidawa shi ma shina saidawa: sukari, shayi, taliya, sabulu. Shina cajin talho, shina zuba waƙoƙi a karti. Ga ruwan sanyi mai ciwon haƙori. Cikin sati uku mutane sunka tsallaka. Gado ya rage da mu, mu da ba mu sayen komi sai shayin barrada ɗaya, ƴar butar nan, shi ma da gardama.

"Yaro ne," in ji Gado, shina kaɗe ƙudaje daga bisa sikeli. "Ni da na yi kasuwanci a Kwatano da Abijan, wanga ne zai ba ni tsoro?"

"Wata biyu ka yi a Kwatano," in ji Mati. "Kana sauke albasa."

"Wata biyun da sunka hi shekara goma ta wani."

Muna cikin haka Mati ya nuna da haɓa. Habsa ce, matar Gado, ta hito daga butik ɗin Anas da leda a hannu, tana tsotsar ƙanƙara.

"Ni na aike ta," in ji Gado. "Leƙen asiri."

"To ta samo asiri mai nauyi," in ji Tabawa. "Har da taliya."

Ranar Gado bai ci ƙosai ba. Washegari ya zo da fuska ɗaure, ya ce wanshi na ƙauyen Babankatami ya aiko mashi, shi bar wahalar gari shi komo gona tun damina ba ta faɗi ba. Sai ya miƙe, ya hau bisa buhun shinkafa, ya ce mu zama shaida. Ranar kasuwa mai zuwa zai yi babban konser, wasan busa na jaz, a ƙofar butik nai, irin wanda ba a taɓa gani ba daga Ƙonni har Keita. In bai kwashe mutanen Anas kaf ba, ya rantse zai rufe butik shi koma Babankatami.

Na dubi bencin nan, Yaya. In ya rufe, mai wurin zai ba wani, a kwance rumfar, a ɗauke bencin. Nan ne kawai wurin da nake zama in ji kamar ka je salla ne za ka dawo.

"Wa zai yi busar?" in ji Mushe Dauda.

Gado ya dafa ƙirji.

"Kai? Yaushe ka iya?"

"A Abijan har kuka turawa sunka yi."

"Wannan na yarda," in ji Tabawa.

Sai ya juyo gare ni. Ya yi ƙasa da murya, ya ce, "Mumini, ƙanena. Marigayi abokina ne tun muna kiwon awaki. Ka ara mini kayan yini ɗaya."

Tun rasuwarka ban bar kowa ya taɓa akwatin saksofon ɗinka ba, ko Inna. Na kwana biyu ina juya maganar. In na hana, fada ta watse. In na ba da, bakin Gado a inda bakinka yake. Ranar ta uku na ɗauko na kai mashi. Ya buɗe, ya riƙe ƙahon kai ƙasa, ya ce lalle irin nashi ne na Abijan, sai dai nashi ya hi girma.

"Ka gwada mu ji," in ji Mati.

"Babban mai busa ba shi gwadawa gaban mutane. Numfashi ake tarawa."

Daga nan aiki ya kankama. Gado ya ɗauko mai shela na kasuwa. Ka san halin mutumen nan: duk abin da ka faɗa mashi zai faɗa, shi ƙara nashi a bisa. Da Gado ya bar shi ya tahi shi kaɗai da da sauƙi. Sai ya bi bayanshi, shina raɗa mashi ƙari a kowace kwana. A bakin tasha an ce Gado ya yi busa a ƙasa uku. Kafin su kai ƴan albasa ƙasashen sun zama bakwai. A ƙofar asibiti an ce busar tana maganin ciwon baya. Da sunka zo daidai butik ɗin Anas, Gado ya ga layin masu sayen ruwa, zuciya ta ɗebe shi, ya raɗa wata magana. Mai shela ya buɗe murya ya ce duk wanda ya zo konser, babba da yaro, zai sha ruwan sanyi kyauta.

Da ya dawo Mushe Dauda ya tare shi.

"Gado, ina furigonka?"

"Akwai randa."

"Randa ɗaya, ranar kasuwa, cikin bazara?"

"Sai a sa ƙanƙara."

"Wa ke da ƙanƙara a unguwar nan?"

Duk munka dubi tsallaken gudron.

Mati anka aika. Gado ya naɗa mashi rawani irin na Buzaye, ido kaɗai a waje, ya ce shi canza murya. Muna kallo ya tsallaka, ya shiga, ya hito da buhu a kai.

"Ya gane ka?"

"Ina shiga ya ce, Baba Mati ina wuni, ya ɗinki."

"Ba ka canza muryar ba?"

"Ban ma yi magana ba tukuna. Almakashina ne a aljihu. Ya ce in gaishe ka, kuma ya ƙara maka dunƙule biyu, Allah shi ba da sa'a."

Gado ya ce wannan alamar tsoro ce.

Sauran dandali. Mushe ya ce a jera tebur biyu ya isa. Gado ya ce manyan masu jaz ba su tsayawa bisa tebur kamar tumatir. Dandalinsu tahiya yake, shi kawo su gaban jama'a. Don haka ya yi hayar amalanken Mahamud mai ruwa, da jakin gaba ɗaya. Zai hau a bayan butik, a jawo shi shi ɓullo. Mahamud ya yi ta sosa ƙeya.

"Gado, in ka iso a kwance jakin, a tokare amalanken da turmi."

"Turmi ya hi jaki ƙarhi ne?"

"Ba ƙarhi ba. Shi wanga jaki hanya ɗaya ya sani. Kullum da safe ruwa muke kai wa Anas, shi kuma shi ba shi ɓawon kankana."

"Ni da na tuƙa kamiyo, jaki zai gagare ni?"

"Karen mota ka yi," in ji Mati.

"Ai a gaba nake zama."

Ranar kasuwa ta zo da rana mai fasa kai. Tun hantsi mutane sunka fara taruwa, don zancen ruwan sanyi ya kai ƙauyuka. Ga ƴan kabu-kabu, ga mata masu hura, ga tsohuwa biyu da sunka zo daga hanyar Buza saboda ciwon baya. Kafin Gado shi gama shiri, randa ta ƙare, ƙanƙara ta narke, an fara raba ruwan buhun da ludayi. Ƙofar Anas kuwa wayam. Shi kaɗai a tsaye, hannu a aljihu. Gaskiya, Yaya, a lokacin har na fara tunanin Gado zai ci.

Mati ya zauna gefe da jarka biyu da murfin tukunya, su ne gangarshi. Mushe Dauda ya rungumi gitarshi mai tsirkiya huɗu. Sunka fara, a hankali, kuma ba laihi. Sai ga Gado ya ɓullo daga bayan butik, tsaye bisa amalanke, Mahamud na jan jaki. Shina sanye da tsohon kwat ɗin Mushe na zamanin da sufeto ke zuwa lakwal, hannun ya tsaya a gwiwar hannu, wandon ya kama shi kamar fatar kalangu. Baƙin tabarau a ido. An ɗaure mikoro na ƙara murya a sanda, an ɗaure ƙaramin bafal na mai tallan magani da batirin moto a ƙafarshi. Saksofon ɗinka a wuyanshi, shina walƙiya. Na kau da kai.

Jama'a sunka matso. Gado ya ɗaga hannu ya gaida Madawa da Faransanci, ya gaida Buza, ya gaida Keita, ya gaida yaran da ke koyon kasuwanci a tsallake. Ya cika ƙirji. Ya sa baki. Ya busa.

Fuuuu.

Iska kawai. Mikoro ya ɗauka ya watsa wa kasuwa, kamar an kwance tayar kamiyo.

Ya gyara tsayuwa, ya danna maɓallai duka da yatsu goma, ya sake.

Fuuuuuu.

"An fara?" in ji Tabawa.

"Shiru," in ji Gado ta mikoro. "Wanga sabon salo ne. Jaz na numfashi. Sai wanda ya yi tahiya ya san shi."

"To ai mijina ya iya," in ji wata mai hura. "Kullum in ya ci tuwo ya kwanta shi yake yi."

Dariya ta fara daga baya. Ɗaya daga cikin tsohuwan nan ta ɗaga sanda ta ce ita bayanta bai ji komi ba, ko sai ta matso. Mushe Dauda ya ƙara ƙarfin gita don shi rufe mashi asiri. Mati kuwa ya sunkuyar da kai cikin jarka, kafaɗunshi na rawa.

Gado ya juya ƙahon ya leƙa ciki, ya girgiza shi, ya ce zanzaro ne ya yi gida. Ya ce a miƙo mashi butar shayi shi ɗauraye. Nan ne kaɗai na yi magana. Na ce, "Baba Gado, in ruwa ya taɓa shi ni da kai ne." Ya dube ni ta saman tabarau, ya mayar da butar.

"To ku matsa," ya ce. "Yanzu zan sa ƙarfin Abijan."

A daidai lokacin Mahamud ya ji an ce ga ludayin ƙarshe na ruwan sanyi, ya ce shi ma ai shina cikin babba da yaro, ya saki igiyar jaki ya kutsa.

Gado ya ja numfashi har kwat ya yi ƙara. Kumatunshi sunka kumbura, jijiyar wuya ta miƙe, tabarau ya zame zuwa kan hanci. Ya tura. Maɓallin wandon Mushe ya tsinke ya tashi kamar dutsen gwafa, ya faɗa cikin kaskon Tabawa. Gado ya kai hannu ya cafe wando, gwiwar hannunshi ta ture mikoro ya faɗa bakin bafal. Bafal ya saki wata irin ƙara mai tsaga kunne, daidai bayan jaki.

Jakin bai yi gudu ba, Yaya. Abin da ya hi ba ni dariya ke nan. Ya ɗaga kunne, ya yi tunani, ya ga lalle nan ba wurin zama ba ne, sai ya kama hanyar da ya sani. Ya sauka gudron da ɗan sassarfa, da Gado a tsaye a bisa, hannu ɗaya riƙe da wando, ɗaya riƙe da saksofon, shina ta cewa "Tsaya, tsaya" ta cikin bafal. Wani kamiyon albasa ya taho, direba ya taka birki, ya danna oda mai tsawo.

Mushe Dauda ya aje gita ya ce, "To, ga busa ta farko a yau."

Jama'a sunka bi amalanke. Duka. Ƴan kabu-kabu, masu hura, tsohuwan da sandunansu, sun manta da ciwon baya. Mati ya ɗauki jarka ɗaya ya bi su shina kaɗawa, don ya ce mai ganga ba shi barin mai busa. Jaki ya isa ƙofar Anas ya tsaya cak inda ya saba. Gado ya tahi da baya ya zauna daɓas cikin amalanke, ƙafafu sama.

Amma in faɗa maka gaskiya, saksofon ɗinka bai taɓa komi ba. Ya saki wandon ya ɗaga ƙahon sama da hannu biyu. Wandon ya tahi, kayanka ya tsira. Wannan na riƙe mashi.

Anas ya hito da ɓawon kankana ya ba jaki, sannan ya cire hula.

"Baba Gado, barka da zuwa. Da ka faɗa mini da na shimfiɗa tabarma."

Gado ya gyara tabarau, a zaune, Habsa na rufa mashi zane a cinya.

"Yaro, ka ga mutanen nan? Haka ake tara jama'a. Na kawo maka su ne ka koya."

"Na gode, Baba."

Mutanen da sunka sha rana tun hantsi sunka ga furigo biyu a buɗe. Kafin azahar ba sauran ruwa, ba sauran lemo, har taliya da sabulu sun tahi. Tabawa ta dubi hagu ta dubi dama, ta naɗe gammo, ta ɗauki kaskonta ta tsallaka. Ta ce maɓallin ta aje shi, in mai shi na so.

Ni kuwa ina tsaye ni kaɗai ƙarƙashin rumfar, ina dariya har na durƙusa na dafa bencin, a gefenka. Tun ranar da anka ɗauke ka ban yi ba. Na yi har ta juye ta zama wani abu, na goge da hannun riga kafin a gani.

Mushe Dauda ne ya dawo mini da saksofon. Kafin shi miƙo, ya dubi bakin ƙahon, ya daɗe shina dubawa, sannan ya dube ni. Bai tambaye ni komi ba. Ya ce, "Sa shi a akwati, Mumini, ƙura na tashi."

Gado ya cika rantsuwa. Ya rufe butik ya koma Babankatami. Kwana tara ya yi, ya dawo ya ce ya tsara wa ƴan ƙauyen noman bana gaba ɗaya, sauran aikin na ƙananan ma'aikata ne. Yanzu a ƙofar Anas yake wuni, ya ce shi ne mai ba da shawara. Duk baƙon da ya tsaya sai ya ji labarin konser. A jiya mutanen sun kai dubu biyar, kuma jakin doki ne.

Rumfar an kwance ta. Wani mai gyaran moto ya kama wurin, inda kake zama yanzu baƙin mai ne a ƙasa. Ni da Mati munka ɗauki bencin munka tsallaka da shi. Anas yaron kirki ne, ya ba mu inuwa, kuma bayan la'asar shina kashe waƙoƙinshi shi sa muna karti ɗinka a babban bafal, awa ɗaya. Tabawa ta ce yanzu awakin sun ƙara girma. Butar shayi tana nan a gefenka. Sai dai in na ɗaga kai, tsohon wurin nake gani a tsallake, kuma na san da hannuna a ciki.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro, Yaya. Ba zanzaro ba ne. Ɗan karan nan ne da kake jiƙawa da bakinka, wanda in babu shi ƙahon ba shi magana ko wa ya busa. Safiyar da zan kai wa Gado akwatin, na buɗe, na gan shi a ɗaure yadda ka bar shi, gefenshi ya ɗan yi duhu inda leɓenka ke zama. Na kwance shi na sa a aljihu. Na ce a raina ai Gado da ya yi Abijan zai lura shi nemi wani. Na san ba zai lura ba.

Da na bar shi, da ko kukan agwagwa ne ya hito, da wataƙila an yi dariya an watse a ƙofarshi, rumfarmu na nan. Ban sani ba. Abin da na sani, duk lokacin da yake ta fuuu a bisa amalanke, hannuna na cikin aljihu, ina riƙe da shi.

Shina nan a aljihun har yanzu, cikin ƴar takardar shayi. Ban faɗa wa kowa ba tukuna.